Adashin Kwale-kwale

A Garwa, bayan tashar mota,
akwai shagon Hamajoda mai gyaran rediyo.
Talabijin ɗaya, gilashinta da tsaga a kusurwa,
da na'urar wasa da wani direban tirela ya bari jingina
bai sake waiwayo ba.

Dala biyar, minti goma.
Mu huɗu ne: ni, Ilu, Sali,
da Gambo bahago.
Wasan wani yaro ne cikin kwale-kwale
yana neman ƙanwarsa a kogin da ba shi da suna.
Mu muka raɗa masa Binuwai,
don dorinar da ke kifar da shi
ta yi kama da wadda ke hamma ƙarƙashin gadarmu.

Damina biyu muna tuƙi da babban yatsa.
Ranar da Gambo ya kai gaɓar ƙarshe
wuta ta yi mana kara, ba ta ɗauke ba.
Yaron ya sauka, ya ɗaga fitila,
sai rubutu ya fito da harshen da Sali kaɗai ke tsinta:
sauran labari yana tafe.

Muka jira.
Aka ce kamfanin ya watse kamar kasuwar ƙauye da magariba.
Shagon ya koma wurin cajin waya.
Sali yana Njamena yana ƙirga buhunan siminti,
Ilu yana kan babur tun asuba.
Gambo kuwa, zazzaɓin sati ɗaya ya tafi da shi,
da hannun hagun da komai.

Shekara ashirin da uku.
Sai ga saƙon Sali da tsakar dare,
hoton wata tsohuwa mai tabarau a ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba.
Ashe ita ta zana yaron.
Ta ce ta zaga masu kuɗi, sun ce
wa zai sayi tsohon kwale-kwale?
Shi ne ta shimfiɗa tabarma a gaban duniya,
kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa.
In ya cika cikin kwana talatin, za ta kai yaron gida.
In bai cika ba, kowa nasa ya koma aljihunsa.

Na ce ai wannan adashi ne,
sai dai uwar adashi ba ta san fuskar kowa ba,
kuma ranar kwasa, kowa ke kwasa.

Ladiyo ta ce, shinkafa ta tashi,
kai kana ciyar da zane?
Gaskiyarta.
Na san unguwar da aka yi karo-karon rijiya,
har yau guga bai jiƙe ba.
Na yi ta juya wayar a hannu har shayi ya huce,
har sauro ya gaji da ni.

Jaka biyu na tura, kuɗin ɗinkin riga guda,
ta hannun Sali, shi ke da katin banki.
Ya ce wane suna zan sa?
Na ce sa Gambo.

Yanzu kowace safiya, kafin in taka keken ɗinki,
sai na leƙa layin nan mai cika a hankali.
Mutum dubu tara da wani abu,
ban san addininsu ba, ban san me suke ci ba,
na dai san dorina ɗaya ta kifar da mu.
Da yayyafi, in ji manya, kogi kan cika,
amma na ga shekarar da yayyafin ya tsaya a hanya.

'Yata Dudu ta ce, Baba,
in ya sami ƙanwar tasa, sai me?
Na buɗe baki, ban sami komai a ciki ba.

Saura kwana shida.
Ina ɗinka wuyan rigar wani,
babban yatsana yana motsi shi kaɗai,
hagu, hagu, dama,
yana kauce wa abin da ke ƙarƙashin ruwa.