Makauniyar da Na Saya

A kasuwar Marwa, a rumfar Hamajoda,
ya jera min kwamfutar hannu biyu a kan kwali
kamar kifin da aka kamo da asuba.
"Wannan tana da ido a ƙeya, tana cin layi,
daga tsakiyar gona za ta gaisa da Duwala.
Wannan kuwa makauniya ce, kurma ce,
abin da ka zuba mata shi za ta riƙe."

Jaka ashirin da biyar ne tsakaninsu.
Na lissafa a raina: buhun shinkafa ke nan, har da canji.

Na ce, me littafi zai yi da ido?
Shi ake kallo, ba shi ke kallo ba.
Karatu na zo saya wa Kaltume,
ba madubin da za ta yini tana karkata kai ba.
Data kuwa gara ce,
ba ka jin cinta sai rufi ya faɗo maka.
Hamajoda ya yi dariya ya ce, "Malam, kuɗinka ne."
Ya zuba mata lissafi da Faransanci,
da taswirar duniya, da izu sittin,
na rungumo ta a motar Yagwa ina jin na yi wayo.

Kuma na yi.
Wata biyar ba wanda ya ce min kati ya ƙare.
Da dare haskenta kan fuskar yarinyar,
leɓenta na motsi, sauro na zagaye.

Sai Logon ya cika ya batse.
Ruwa ya shigo bayan isha'i, ba sallama.
Na ɗauki tsohuwa a baya,
uwar gida ta ɗauki tukunya da ƙaramin,
Kaltume ta ɗaure makauniyar a leda ta ɗora a ka,
ruwa har ƙirjinta.
Ƙanena yana Kuseri, yana da kwalekwale da mota.
Wayata ta sha ruwa ta mutu a aljihu.
Ga abu a hannunmu cike da caji, fal da ilimi,
ya san sunan kowane kogi a duniya,
amma ba zai iya cewa "ku zo" ba.

Kwana tara muna kwana a aji, kan benci.
Ran na goma wani ya zo da riga mai aljihu da yawa
yana rubuta waɗanda gidansu ya rushe.
"Ina hoto?" ya ce.
Maƙwabcina Abba Gana ya miƙa tasa, mai ido,
ga bango a kwance, ga ruwa, ga ranar da aka ɗauka.
Ni na tsaya ina kwatance da hannu
kamar mai ba da labarin mafarki.

Kaltume ta zauna a bakin taga.
Da ɗan yatsa ta ja layi a gilashin:
zaure, darbejiyar ƙofa, rumbu ya karkace,
akuyarmu mai kunne ɗaya da ba mu sake gani ba,
sannan ta shafa shuɗi har wuyan taga.
Mutumin ya daɗe yana kallo.
Ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton zanen.
Ban san ko ya wadatar ba. Har yanzu muna jira.

Jibi zan koma Marwa sayen kwano da ƙusa.
Dole in bi ta gaban Hamajoda.
Na tambayi Kaltume ko in yi musanya, in cika kuɗi.
Ta ce, "Mai layin dai, Baba. Idon kuma..."
Ta yi shiru, tana gyara kunnen akuyar.