Unguwar Zuma

Shekara talatin da ɗaya ina yanke cibi
a asibitin Daura, ɗakin da fankarsa ke kuka.
Da na ajiye aiki, jikoki suka sauya mini wasali ɗaya,
unguwarzoma ta koma unguwar zuma.
Ban musa ba. Amya uku gare ni, na katako,
a gonar marigayi, hanyar Daberam,
ƙarƙashin ɗorawar da ya hana a sare.

Bara na yi sake.
Na ga sun yi gemu a bakin amya,
baƙi wuluk, yana lilo da la'asar,
na ce zafi ne, iska suke sha.
Ran Laraba da hantsi sama ta yi gurnani babu hadari.
Rabin gidan ya tashi,
ya dunƙule a tsamiyar Ilu mai faci
kamar tulun da aka rataye ta wuya.
Kafin in ɗauko ƙwarya da zane
sun yi gabas, ko sallama babu.
Ilu ya ce, “Barira, baƙinki sun ƙi kwana.”
Na ce ba baƙi ba ne,
'yan gida ne, wuri ya yi musu kaɗan.

Bana ban jira gemu ba.
Da ɗorawa ta sako jajayen tuntayenta
na cika gwangwani da busasshen kashin shanu,
na hura, na ɗaga murfi da bisimilla.
Sandar fari, zuma. Ta biyu, zuma.
Ta bakwai ta yi nauyin jariri,
'ya'ya a rufe, launin ƙosai,
babu ramin da uwa za ta sa ƙwai ko na rantsuwa.
A gefen saƙar kuwa, ga su rataye,
uku, kamar kwanson gyaɗa,
ɗakunan sarauniyoyin da ba a haifa ba.
Na san ciki in na gan shi.
Wannan ya shiga watansa.

Na nemi tsohuwar har ido ya yi ruwa.
Can na gan ta, doguwa, ba ta sauri,
ana buɗe mata hanya.
Na ɗauke ta da sanda huɗu zuwa sabon akwati,
biyu na 'ya'ya, biyu na guzuri.
Ɗakunan nan uku, na bar biyu.
Na ukun na murƙushe da babban yatsa,
farin ruwa ya fito,
hannun da bai taɓa rawa a ɗakin haihuwa ba
ya yi rawa.
Ɗaya ta harbe ni a wuyan hannu. Ban ga laifinta ba.

Bayan isha Lawandi ya kawo kekensa,
muka toshe ƙofar da ciyawa,
muka kai su lambun ƙanwata a Sandamu,
don in ka ajiye su kusa
gobe duk tsohon gida za su koma.
Akwatin na kan cinyata, da ɗumi, yana guna-guni.
Kowane rami na ce, Lawandi, a hankali.

A hanyar dawowa cinyar ta yi sanyi,
sai Ɗayyabu ya faɗo mini.
Shekara huɗu yana roƙon in bar shi ya gina filinsa,
shi da mata da yara biyar a ɗaki biyu,
ni ina cewa gidan ubanka bai cika ba.
Wata safiya na ji mota a ƙofa.
Yanzu sai da salla.

Mako huɗu ba a buɗe wa mai jego.
Na ƙirga a bango da gawayi.
Yau na ɗaga saƙa, na juya wa rana baya,
ga ƙwai, ɗaiɗai, tsaye a gindin rami
kamar tsakin shinkafa.
An sauka lafiya.

Na rufe, na cire safar hannu,
na zauna a saiwar ɗorawa, na lalubo lambarsa.
Tana ta shiga.
Ban san da me zan fara ba.
Wataƙila in tambaye shi
nawa buhun siminti yanzu.