Bakin Zare a Margilon

Kakata Gulandom ba ta kallon tukunya in tana aiki,
hannunta ne ke gani.
Ƙwanson tsutsar siliki na iyo a ruwan zafi,
farare kamar ƙwan kurciya,
tana kaɗa su da tsinke
har bakin zare ya kama.

Na dawo daga Tashkent da littafi mai nauyin tubali,
na zauna a dokin ƙofa, baki na ƙaiƙayi.
"Kaka, zaren nan furotin ne.
Carbi ne, dutse bin dutse.
Iri ashirin ne duwatsun,
amma uku tsutsa ta fi so,
su take ja, ba ta gajiya."

Ba ta ɗago ba.

"Ganyen tut da kike yanka musu da asuba
sarƙar sukari ce ta miƙar da shi.
Kitsen wutsiyar rago da ke narkewa a shinkafar Alhamis,
danginsa ne bangon kowane ɗaki a jikinmu,
ɗakunan da ido bai taɓa shiga ba.
A kowanne kuma akwai zaren gado a naɗe,
haruffa huɗu kacal,
da su aka rubuta hancinki a fuskata.
In an warware, ya kai mita biyu."

"Mita biyu," ta ce, ta taɓe baki.
"Wannan ɗan ƙwanson ya kusa kilomita."

Ƙafarta na kan mataki, keke na kuka.
Tururi ya jiƙa mata gira.
Can sai ta ce, "In ya tsinke fa, Mohichehra,
wa ke ƙullawa?"

Na ce akwai masu bin sa dare da rana,
su ma furotin ne,
su laluba, su cire ɓatacce, su ɗinke.
Ba sa barci, ba a biyan su.

Ta yi dariya har haƙorin zinarenta ya fito.
"Ashe akwai irina a ciki."

Ban gaya mata shafi na ɗari da tara ba,
inda aka ce igiyar da ke riƙe fata tana saki da shekaru.
Ga shi a bayan hannunta, na karanta.

Ta miƙo mini zaren.
Ya tsinke tun kafin in ja numfashi.
Ta lashi yatsa, ta kamo bakin biyu,
ta ce, "Ajiye littafin. Matso."