Bazara a Matsirga

Ruwan da ke ruri a watan takwas,
har sai ka ɗaga murya kafin na kusa ya ji ka,
yau ya koma zare huɗu a fuskar dutse,
kamar tsohuwa na tsiyayar da ruwan gero.
Baƙi sun tafi. Sun bar mana murafen kwalba
da takalmi ƙafa ɗaya, na yaro, ja,
na rataye shi a ƙusa bayan ƙofa,
wata na uku ke nan ba wanda ya zo nema.

Ni ce mai masauki, ɗaki bakwai.
Makulli bakwai a allo, ko ɗaya bai motsa ba.
Da safe in buɗe tagogi katifu su sha iska,
in kori ƙadangare daga ɗaki na biyar,
shi kaɗai ne baƙon da ba ya tambayar farashi.
Littafin rajista ya tsaya a wata Laraba:
malami daga Zariya da ɗalibai sha tara,
sun cinye min doya, sun fasa min bokiti,
yanzu ko su ne suka dawo, lale marhabin.

Labarin gari? Jawo kujera, ba tsawo gare shi ba.
Kambai mai hoto ya bar bakin ruwa,
yana ɗaukar fasfo a Kafanchan, kusa da tasha,
ya ce fuskokin can ba sa dariya.
Zigwai mai gasa masara ta koma mangwaro,
uku ɗari, in ka iya ciniki biyar,
in rana ta faɗi kwashi ka yi gaba.
Kansila ya zo ya auna matakalar gangara da igiya,
ya rubuta a takarda, ya ci kaza, ya tafi.
Bara ma ya auna.
Matakala dai ba ta ƙara tsawo ba.
Bunsurun Katung ya cinye takardar kuɗin shiga,
kowa na iya shiga kyauta yanzu,
mai shigar ne babu.

Yashim za ta yi aure bayan Ista,
an fitar da anko, rabin gari ya ci bashi.
Irin citta ya yi tsada, in ji Malam Ilu,
maza na zaune a gindin ɗorawa
suna lissafi da tsinke a ƙasa,
wannan ya ɗaga kai ya dubi gabas,
ya share lissafin da tafin ƙafa, ya sake.

Yara ne suka ci ribar wannan lokaci.
Inda ruwa ya janye, dutse ya yi santsi,
sun yanka tsohuwar jarka gida biyu,
su zauna ciki su sulalo har ƙasa suna ihu,
wando ya yage, gwiwa ta ƙuje,
uwa ta yi faɗa, gobe su koma.
Da baƙi na nan da an kore su.
Yanzu dutsen nasu ne, kamar yadda yake namu
kafin a kafa allo a sa masa kuɗi.

Jiya da dare zafi ya fito da ni waje.
Walƙiya ta yi sau biyu a kan duwatsun Kagoro,
ba tsawa, ba iska,
sai ɗigo uku a kwanon rufi,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ya ga ya yi ɓatan kai.
Duk da haka na tashi na ƙirga zannuwan gado.

Da safe wata ta kira daga Kaduna:
"Ruwa ya dawo?"
Na ce yana hanya, ya tsaya gaisuwa ne.
Ta ce to sai ya iso.

Na ajiye waya, na sauko da takalmin,
na kakkaɓe shi, na mayar a ƙusa.
Ko mai shi ya dawo da damina,
ƙafar ta riga ta fi shi.