Kwalba Goma Sha Biyu

Ni Mato kuku, ban taɓa kurɓa ba,
Allah shaida, hancina kawai na bayar aro.
Shekara goma sha tara ina hura wutar Mompe Lusiyan
a gidan mishan, bayan duwatsun nan
da suka durƙusa kamar raƙuma suka ƙi tashi.

Ya ce a ƙasarsu, Baljik, akwai masu ibada
da ke rufe baki, su rufe ƙofa,
su dafa sha'ir, su zauna jira.
Na ce, a Damagaram ruwan ma jiransa ake yi.
Garwa huɗu muka saya ran nan,
mai ruwa ya tsuga kuɗi, Mompe ya biya yana tsaki.

Sukarinsu baƙi bai iso ba,
sai na kawo mazarƙwaila daga Kasuwar Dole,
na narkar har ta yi launin goshin mai salla.
Ga wani ganye mai ɗaci da ƙanwarsa ke aikowa a ambulan,
ga yis a ƴar kwalba, yana lallaɓa shi kamar jinjiri.
Kwana tara randa na gunaguni a lungu,
na rufa mata tsumma jiƙaƙƙe, safe da la'asar,
don zafin Afirilu ba ya jin Faransanci.

Sha biyu muka cika. Na tona rami a ɗakin ajiya,
na shimfiɗa rairayi, na yayyafa ruwa,
shi kuma ya bi su da alli: ɗaya, biyu, uku.
Biyu sun fashe a daren farko na damina,
na fito da tabarya, na zaci ɓarawo ne.

Ta wata uku, warinta kamar yaro mai rashin kunya,
ayaba nunanna da kanumfari, tana tsalle daga baki.
Mompe ya yamutsa fuska: ba ta koyi gaisuwa ba tukuna.
Ta shekara ɗaya ta sauke murya.
Ta shekara uku, dabinon Bilma na ji a ciki,
da ƙanzon tukunya, da ƙasa bayan ruwan fari.
Ya daɗe bai haɗiye ba,
ya ce wani suna, ina jin na garinsu ne.

A ta shida ƙafarsa ta kumbura, jirgi ya ɗauke shi.
Takarda ta zo sau biyu. Ta ukun, wani ne ya rubuto.

Saura ɗaya. Na ci gaba da yayyafa wa ramin ruwa,
ko ranar da famfo ya yi sati bai yi tari ba.
Matata Zabba'u ta ce, kana shayar da kabari.

Jiya Mushe Kwami, malamin lakwal ɗan Togo,
ya buɗe ta a gabana. Ba ta yi ƙara ba,
ɗan huci kawai, irin na tsoho in zai zauna.
Kumfa siririya, laka a gindi.
Na miƙa hanci: fatar majema, zuma ta bara,
da wani abu can ƙasa da ya fara juyawa tsami.

Kwami ya ce, da an sha ta bara waccan, da ta fi.
Na ce, haka muke duka.
Na wanke kwalbar da toka.
Man gyaɗa ke ciki yanzu,
amma allin bai gama fita ba.