Hatimin da Ya Mutu Ran Talata

Ni ganau ne, ba jiyau ba.
Haka na rubuta a layin farko.
Lauya ya soke, ya ce a nan Erie ba a buɗe takarda da kirari.
Sai na sa: Ni, Haladu Isiyaku Ringim,
makanikin motocin ɗaukar 'yan makaranta,
shekara sha tara a gari ɗaya,
na rantse.

Daren zaɓe ina zaune a ɗakin ƙasa na wani coci,
kujerar ƙarfe mai sanyi, katin sa ido rataye a wuyana.
Takwas da minti arba'in injin ƙirga ya shaƙe.
Aka zare ƙuri'a talatin da ɗaya,
aka zuba a ambulan ruwan ƙasa,
aka ɗora kan firji, kusa da kwalin biskit.
Ban ce an sace ba.
Na ce ban ga an mayar ba.
Tazarar kuwa sha huɗu ce, kan kujerar kansila guda.

Ran Alhamis na taka ƙanƙara zuwa shagon aika kaya,
wurin Misis Dombrowski mai tabarau a igiya,
wadda hukuma ta ba ikon rantsar da mutane.
Ta ce in ɗaga hannun dama.
Na ɗaga, da baƙin mai a ƙasan farce.
Da alwalata na fito, ita ba ta sani ba.
Ta buga hatimi, ƙwas!
Dala biyar.

A kotu na sa babbar rigata a ƙarƙashin kwat.
Na kwana ina bitar firji, ambulan, agogon bango,
don kada harshe ya yi tuntuɓe.
Lauyan can ɓangaren bai ko dube ni ba.
Ya ɗaga takardata sama
kamar mai canji yana duba jabu,
ya karanta ƙananan baƙaƙen da ke gindin hatimi:
izinin tsohuwa ya ƙare ran Talata.
Kwana biyu.
Ya ce sakin layi na bakwai kuma jita-jita ne,
tunda na rubuta "na ji wata tana cewa."
Lauyanmu ya miƙe, ya ce to a sake rantsar da shi yanzu, ga shi zaune.
Aka ce wa'adin shigar da shaida ya wuce tun Litinin.
Alƙaliya ta gode mini da zuwa. Da ladabi ta gode.
Ba wanda ya tambaye ni me na gani.

Kakata ko kan kuɗin daddawa ba ta yarda ta rantse,
ta ce rantsuwa ba ta tsufa, tana jiran mai ita a kabari.
Ashe akwai ƙasar da take lalacewa kamar madarar kwali.

Da dare Zuwaira ta zuba mini shayi, ta ce,
Baba, in ba shinge, kowa zai zo da buhun rantsuwarsa.
Na yi shiru.
Ni ma na sha hana mota fita
don takardar binciken birki ta wuce da kwana ɗaya,
ga direba yana rantsuwa birkin lafiya lau,
kuma na san gaskiyarsa ne.
Ban ba shi makulli ba.

Duk da haka abin ya tsaya mini a wuya.

Bayan mako uku tsohuwar ta zo gareji,
ta tsallake tiyo da kwatamin mai da takalmin dusar ƙanƙara,
ta miƙo dala biyar a ninke.
Ta ce wasiƙar sabuntawa tana cikin aljihun tebur,
lokacin mijinta yana asibiti.
Na ce ta bar shi. Ta ƙi.
Na goge hannu, na karɓa.

Tana nan a akwatin sifanu, ban kashe ba.
Wanda ya ci ya sha rantsuwar kama aiki a watan Janairu,
kuma an ce hatiminsa da rai.