Tsakuwa a Takalmi

Safiyar Litinin, kafin a dama koko,
Sista Turai ta tara mu a gindin darbejiya.
Ta zuba wa kowa tsakuwa uku a takalmi,
ta toshe mana kunnuwa da auduga,
ta shafe tabarau da man kaɗe, ta ɗora mana,
ta ce, "To, a je a ɗebo ruwan alwala."

Aka tuntsire da dariya. Ni na fi kowa.
Kafin in kai bakin famfo ta ƙare.
Butar da nake ɗauka da yatsa ɗaya
ta koma biyu, ta koma hayaƙi.
Wani ya daka min tsawa, "Yi sauri mana!"
Na ji ta kamar daga ƙasan rijiya,
kuma na gane ta.
Tawa ce.
Ita nake yi wa Baba Ɗanjuma kowace asuba.

Baba Ɗanjuma, marinin Ƙofar Mata,
shekara arba'in hannunsa na cikin baba,
har yau shuɗi bai bar ƙasan farcensa ba.
Sau nawa na dirje shi da soso, wai dauɗa ce?
Bai taɓa ce min kanzil ba.
Janye hannun yake yi, ya tura a hammata,
kamar mai ɓoye takardar gida.

A ɗaki na huɗu, Inna Dudu.
Mantuwa ta shigo ta kwashe mata Hausa kaf,
ta bar mata Fillancin da ta sha a nono.
Mun rubuta a littafi: ba ta cin abinci.
Ashe ba tuwon ta ƙi ba, idanunmu ta ƙi.
Ajiye kwano, ja labule, ka ba ta baya,
in ka dawo, ko loma ba ka samu.

Mista Nwafor, mai gyaran agogo a Sabon Gari,
karin maganarsa ta fi tawa nisa.
Ciwon suga ya raba shi da ƙafa guda,
bai taɓa yi mana kukan ƙafa ba.
Ran Lahadi dai a goge masa farar riga,
a tura kekensa jikin taga ta gabas,
ko iska za ta kawo masa ƙararrawa.
Wata uku ina ajiye shi a ta yamma,
don ta fi kusa da ƙofa.

Sai Malama Zulai,
da ta riƙe makaranta guda a Gwale.
Na faɗa ɗakinta, "Iya, ga magani."
Ta dube ni ta saman gilashi:
"Koma ka yi sallama.
Ni na tsufa, ƙofar ba ta tsufa ba.
Kuma ina da suna."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Mu kuwa mun zo da faci iri ɗaya
za mu liƙa wa ɗaki talatin.

Da hantsi Sista ta ce a cire.
Na zare auduga, gari ya dawo:
hon ɗin a-daidaita-sahu, mai tallan gurasa,
rediyon mai gadi.
Na zazzage takalmi, ƙafata ta sha iska.
Baba Ɗanjuma yana kan benci yana kallona.
Tasa ba ta zazzaguwa.

Ba zan ce na zama waliyyi ba.
Mu biyar ne, su talatin da ɗaya,
albashi yakan kwana a hanya,
jiya ma na yi tsaki a kan zanen gado.
Amma tsakuwa ɗaya ban jefar ba.
Tana aljihun gaba, kusa da biro.

Yau da asuba na riƙe masa buta.
Taku goma sha bakwai ne zuwa famfo,
ban taɓa ƙirgawa ba sai yau.
A na tara ya tsaya ya huta,
na tsaya.
Ya miƙo min shuɗin hannun nan da kansa.